Kafin Teku Ta Janye

A tashar motar Jalingo, cikin daminar 1994, wani dattijo da wata mai sayar da kifi suna jiran motar Lau ta cika. Dattijon yana ta jujjuya wani hoton kalanda a hannunsa.

"Baba, ina ne nan?"

"Hanyar Kwatano zuwa Lome ce, 'yata. Can nake so in kai mai ɗakina Zulfa a tsohuwar fijota da na bari a gida. Tun da ta ga hoton nan a bangon asibiti ba ta da zance sai nasa."

"Titi dab da ruwa haka? Da daminar nan? Ka taɓa ganin teku?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma ban taɓa ba, amma na san halin ruwa, a Lau aka haife ni. Yanzu haka Binuwai ya cinye gonaki, balle wannan da ba a hango tsallakensa. Wallahi titin nan ya nutse."

"Subhanallahi! Ni wahalar mai nake ta tunani, da masu tsaron kan iyaka."

"Ka bari sai rani, teku ta janye, yashi ya fito."

"Rani ya yi nisa."

"Haba Baba, guduwa tekun za ta yi?"

"Likita ya ce in mayar da ita gida, in ba ta duk abin da ranta yake so."

Matar ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, ban duba da kyau ba ɗazu. Titin a kan tudu yake. Ku tafi gobe."