Tafin Hannu a Gadon Baya

A tashar Anka, wani dattijo ya leƙa wayar mutumin da ke kusa da shi.

"Malam, da girmanka kake kallon fim ɗin 'yan Chana? Mutum na tashi sama kamar shirwa!"

"Ba tashin nike kallo ba, Baba. Yarinyar ga guba ta sha. Tsohon ga na cikin fim ɗin zai ɗora mata tafi a gadon baya, ta amayar, ta miƙe."

"Ƙarya tsagwaronta! Wa ya taɓa fid da guba da tafin hannu?"

"Babu. Ni ɗan Dareta ne. Shekarar gubar dalma, na dafa bayan ɗiyata Rufaida har hannuna ya sage."

Dattijon ya matso kusa da wayar.

"Allah shi sa mai ceto ce. Maido wurin, ɗana, mu ga ta tashi."