Na'ura Ta Ce Innata Ta Rasu

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari, ina kuma gaida masu sauraro. Ni direban adaidaita sahu ne a Dutse, amma gidanmu yana wani ƙauye kusa da Aujara.

Mahaifiyata, Inna, tana fama da hawan jini, kuma tana cikin tsofaffin da ake bai wa magani kyauta. Bana aka ce sai mutum ya dangwala yatsa kafin a ba shi. To Inna tun tana yarinya take saƙar tabarma, kaba ta cinye zanen yatsunta tas. Ta dangwala, na'ura ta ƙi karɓa. Aka ce ta shafa mai, ta shafa, duk a banza. Haka muka yi ta zarya har damina ta wuce.

Makon jiya na sake kai ta asibitin da ake ba da maganin. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce, "Inna, sai haƙuri. Duk wanda ya daɗe bai dangwala ba, na'ura da kanta take saka shi cikin mamata. Ni ba ni da ikon gyarawa."

Na ce, "Haba Malama, ga ta a gabanki tana numfashi!" Ta ce ita ma tana gani, kwamfuta ce ba ta gani.

A hanya Inna sai kallon hannayenta take yi. Da muka isa gida ta ce in daina ƙona maina saboda ita.

Yanzu ƙafafunta sun kumbura, kanta ba ya daina sarawa. Don girman Allah ku ba ni shawara, wurin wa zan kai kuka kafin maganar na'urar nan ta zama gaskiya?