Rabin Kitso

Auta: Salamu alaikum. Yaya? Kina ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta? Sama-sama nake jin ki.

Auta: Bari in fito daga shagon, injin busar da gashi ne yake ƙara. Yauwa. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya ƙafar maigidan?

Yaya: Da sauƙi, har ya fara takawa.

Auta: Allah ya ƙara sauƙi. Gimbiyata fa? Tarin ya sake ta?

Yaya: Tana nan garau. Auta, kin dai san kotu ta ce ban da waya.

Auta: Na ce ki ba ta wayar ne? Yayata na kira, ko shi ma alƙali ya hana? Dama cewa zan yi, gobe in za ki kawo ta ofishin da kotu ta ce mu riƙa haɗuwa, kar ki lafta mata mai a ka, santsi yake sa min. Na sayo duwatsun ado masu ruwan hoda, zan ƙarasa mata kitson nan.

Yaya: Au, ba su kira ki ba?

Auta: Su wa?

Yaya: Oh ni! Babu zuwa gobe. An dakatar.

Auta: An makara? Wa ya makara?

Yaya: An da-ka-tar! Alƙali ya dakatar da ganin naku, sai an sake zama.

Auta: Innalillahi! Me na yi kuma?

Yaya: Jami'ar nan mai tabarau, wadda take zama da ku a ɗakin, ita ta kai bayani. Ta ce tun shigarki har aka tashi yarinya kuka take yi. Wai kin zauna a bayanta, ko fuskarta ba ki kalla ba, kina fizgar mata kai.

Auta: Fizga? Kitso nake yi! A gaban mutum ake zama a yi masa kitso? Wace yarinya ce ba ta kuka in ana tsaga mata kai?

Yaya: Ta ce an ajiye muku kayan wasa da littafin zane, ko taɓawa ba ku yi ba.

Auta: Yaya, kin ga kan da kika kawo min kuwa? Ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu! Ni da nake gyara kan 'ya'yan mutane tun safe har yamma, in ga tawa a haka, in zauna ina zana mata kyanwa?

Yaya: To ai ga shi nan. An ce ki zo ki zama uwa, kin zo da shago a jaka.

Auta: Ban iya wata soyayyar ba sai wannan. Ina cikin yi matar nan ta nuna min agogo, ta ce in cire hannu. Rabi na yi, Yaya, rabi! Na roƙe ta kamar zan durƙusa.

Yaya: Lokaci dai, kullum shi ne abokin faɗanki. Ran da kika kulle ta a ɗaki kika tafi kitson amarya, ai cewa kika yi yanzu za ki dawo. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofa, suka same ta da zazzaɓi, bakinta ya bushe.

Auta: Sai kin tuna min? Da abin nake kwana, da shi nake tashi. Duk ajin koyon renon yara da suka tura ni na je. Na rage aiki, na canza ɗaki. Me ya rage, in yanka kaina?

Yaya: Ni dai amana kotu ta ba ni.

Auta: Amana. To. Kin tsefe mata?

Yaya: Ina fa! Ta hana kowa taɓawa. Na kai ta wurin mai kitson layinmu, ta rufe kai da hannu bibbiyu tana ihu, wai Mamanta za ta ƙarasa. Haka take zuwa makaranta, rabi a kitse rabi a tsaye, sai dai in ɗaura mata ɗankwali.

Auta: Wayyo Allah, Gimbiya... Yaya, kin gaya wa alƙali wannan?

Yaya: Ba su tambaye ni ba.

Auta: Ba su tambaye ki ba? Kina tsaye ana cewa 'yata tsorona take ji, kin san gaskiya, kika yi gum?

Yaya: Kar ki ɗora min. Yarinya ta fara ƙiba, ta fara barci ba firgita. So kike in mayar da hannun agogo baya?

Auta: Ashe ba amana kika riƙe ba. Ƙwace kika yi.

Yaya: Faɗi son ranki. Ke! Koma ciki, wa ya ce ki fito?

Auta: Ita ce? Muryarta ce! Yaya, don girman Allah, ba sai ta yi magana ba, ɗora mata a kunne kawai.

Yaya: A'a, ba ita ba ce. Mai gyaran famfo ne. Je ki saka ɗankwalinki.

Auta: Gimbiya! Ni ce! Kar ki bari a tsefe, ina zuwa in... Yaya? Yaya!