Ƙwallon dabino a kofin shayi

Assalamu alaikum malama mai shirinmu, da fatan kin wuni lafiya, ke da masu saurare. Ni ne Ɗanlami direba, daga Zongon Wagadugu.

Ɗana Nuhu ya yi wata uku yana sauraron wani mai wa'azi a salula. Ya daina zama da abokansa, kullum maganarsa ɗaya ce, wai zaɓe kafirci ne, kuma duk wanda ya saɓa maka maƙiyinka ne. Wallahi hankalina ya tashi.

Ran nan samarin fadar shayi ta ƙofar gidana suka kaure da gardama kan wanda zai shugabance su, Salifu ko Bukari. Malam Idi mai makarantar allo ya raba musu dabino, ya ce kowa ya ci, ya jefa ƙwallon a kofin wanda yake so. Ya aika aka kira Nuhu, ya ce shi ne ba ya ƙarya, shi zai ƙirga. Nuhu ya zo fuska a ɗaure, ya ƙirga. Salifu ya kayar da Bukari da ƙwallo biyu. Sai Salifu ya zuba shayin farko, ya miƙa wa Bukari, aka yi ta dariya.

Da muka shiga gida Nuhu ya ce, "Baba, ashe wanda ya faɗi ma ana ba shi shayi."

Yanzu ya koma cikin abokansa, alhamdulillahi. Ina gaida direbobin unguwar Dapoya. Amma malama, ki ba ni shawara, yaron nan ya ce a riƙa jefa ƙuri'a kan miyar gidana, kuma uwarsa ta fi ni jama'a.