Kwamin Wanka a Kan Mitar Tsohuwa

"Ku masu haɗa waya ne kuka cuce ni," in ji tsohuwa Ummulkhairi ga wani mai jakar kayan aiki, a layin ofishin lantarki.

"Hajiya, ban ma san ki ba."

"Mai gidan da nake haya a Utaibiyya ya dasa kwamin wanka mai ɗumama ruwa. A Makkar nan da ruwan tanki ke ƙona hannu! Faturata ta kuɗin wuta ta kai riyal dubu biyu, aka yanke mini wuta, allurar sukarina ta lalace a firji."

"Ai dare da rana yake shan wuta. Gidan Ma'aruf ne? Shi ya ce in haɗa da mitar hawan ƙasa."

Ta damƙi rigarsa. "Ai wannan mitar tawa ce! Ba inda za ka. Ko kai ko shi, yau sai wani ya amsa mini."