Mutumin da Ya Koya wa Yaranmu Sauraren Ruwan Sama

Assalamu alaikum. Wakilin perefe mai mulkin yankinmu, Sarkin kanto, Magajin garin Yekuwa, Liman, Maigari, Majo shugaban likitarmu, abokan aikina malaman lakwal, makarantarmu ta boko. Inna Aisa da kika haifar mana shi, Aminatu uwar 'ya'yansa, ina muku barka da haƙuri. Yau kwana arba'in da Allah ya karɓi Malam Muttaƙa Kyari, an ce ni, daraktan lakwal, in yi magana da bakinmu duka.

Mun san shi a shekarar da ruwa ya kayar da katangun unguwar gabas. Mun binne mutum shida, muka sake gini, amma akwai yaran da suka ga abin da idonsu. An turo mana shi daga Magariya, shi mai aikin cire wa yara firgici, don ya zauna da su kowace Laraba, zama goma sha biyu.

Ya kasance mai kirga yara kamar makiyayi. Ya fara da ashirin da uku, kafin zama na biyar saura tara. Wata nisa ya hana ta. Wani an yi masa ba'a, wai yana zuwa ɗakin masu taɓin hankali. Wani kukansa ya ƙaru bayan zama na uku, uwarsa ta ce ana tona masa ciwo. Amma yawancinmu abu ɗaya muka faɗa, har da ni: wai yaran sun warke.

Da izinin Hammadu zan ba da labarin 'yarsa Gimbiya. Ya zo ya ce, "Mushe Muttaƙa, mun gode. Yarinya tana ci, tana barci, har tsokanar kakarta take. Ta warke."

Malam ya ce, "Baban Gimbiya, yaushe rabonka da ganin hadari?"

"Kai Mushe! A tsakiyar rani?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ruwan farko ya sauka muna cikin aji. Da ya fara bugun kwanon rufi, Gimbiya ta fita ta taga. Sai la'asar aka same ta cikin rumbu, ta toshe kunnuwa, ba ta gane muryar ubanta ba. Ashe tsoron bai tafi ba, rani ne ya ɓoye mana shi. Kuma ga damina, kowa yana gona, hanya ta yanke.

Ya kasance ba mai cewa "na faɗa muku" ba ne. Ce mini ya yi, "Darakta, laifina ne. Na zauna da yara, na bar iyayensu a waje suna tsammani."

Ya kasance mai dabara. Da hanya ta buɗe, ya jingina tsohon kwano da bango, ya ba kowane yaro buta, yaron ya zuba ruwa a kan kwanon da hannunsa, ɗigo-ɗigo, ya tsaya lokacin da ya so, uwa ko uba na riƙe da kafaɗarsa. Hammadu ya ce, "Yanzu ni da gemuna wasan buta zan yi?" Ya yi, Laraba takwas. Bara na ga Gimbiya a ƙarƙashin indararo tana ihun murna.

Inna, ɗanki ne ya yi wannan. Aminatu, ƙurar da kike wanke masa kowace Laraba, ga abin da ta haifa.

Ya bar yara bakwai ba su gama ba. Malama Hinda, abokiyar aikinsa, tana zuwa da butarsa, Laraba biyu tana zama ita kaɗai. Na ji ana cewa mai aikin ya tafi, kuma yaran sun warke. Iyayena, ku dubi sama. Ba girgije ko ɗaya. Saura mako shida a yi shuka. Hammadu ya ce jibi zai ɗaura amalanke ya bi gida-gida ya kwaso yaran, ku buɗe masa ƙofa.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Muttaƙa, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Allah ya saukar mana da damina mai albarka, ya sa ranar ruwan farko mu sami yaran nan bakwai a tsakar gida, ba a rumbu ba. Amin.