Tsinken Gwajin Tsargiya

Assalamu alaikum, angona na gidan rediyo. Kakarka ce Tabawa mai daddawa daga Ƙofa. Ka karanta a hankali, rubutun yaƙi da jahilci ne.

Ga kacici-kacici: wane baƙo ne ya rantse ba shi da baki, amma da zai tafi ya bar bakin a ƙofar gida?

Bayan babbar sallah wani malamin lafiya ya kawo mana 'yan tsinkayen takarda na gwajin tsargiya. Kowa zai tsoma a fitsarinsa a cikin gidansa, in ya koma kore to akwai ciwo. Mata suka ƙi, don ka san ba ma wasa da fitsari, da shi ake yi wa mutum sammu. Ni uwar iyayi na bi su gida-gida. Na ce wa maƙwabciyata, "Ke Lami, naki zinariya ne? Ba inda za a kai shi, kuma malam ya rantse daga ke sai shi."

Saboda ni suka yarda. Duk wadda nata ya yi kore ta raɗa masa.

Ranar kasuwa na dawo na tarar an shafa jan fenti a ƙofar duk gidan da ke da mai ciwo, wai don masu kawo magani su gane. Har da nawa da na Lami. Maganin bai zo ba. Lami kuwa, in na gaishe ta sai ta kalli bango.

Masu sauraro, da wane ido zan sake shiga gidajen nan? Ku ba ni shawara.

Baƙon kuwa malamin lafiya ne, bakinsa jan fenti.